Birin da Aka Ɗaura wa Gwangwani

Ranar wata Laraba da hantsi, a daminar da malamin aji biyu ya gano cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar itace, tarkonmu ya kama wani ɗan biri a gefen gonar masara, can gindin dutse bayan Doguwa. Mu yaran unguwa aka ɗora wa tsaron gonaki, domin da zarar masara ta yi goyo sai birai su sauko garke guda, su ɓare wannan, su gatsi wancan su yar, kamar ba gumin mutum ba.

Shugabanni biyu gare mu, ba kuma wanda ya naɗa su. Haladu, ɗan limaminmu, shi ke raba mana wurin tsayuwa, manya kusa da dutse, ƙanana a bakin hanya, in an kawo ɗumame sai ya ga har mai majina irina ya samu loma. Tanko kuwa danƙo ne a wuyansa, ga muryar da ke sa yaro ya manta yana jin fitsari. Wajen Haladu ka ƙoshi, wajen Tanko ka ji kai ma namiji ne. Ni da nake kwaɗayin duka biyun, sai na riƙa kai-komo tsakaninsu.

Haladu ya ce a kwance birin a sake shi, ai jariri ne, mu dai mu ƙara masu buga garwa. Tanko ya kece da dariya. "Malam ƙarami, to je ka yi musu wa'azi mana!" Ya zuba tsakuwa a gwangwanin madara, ya matse bakin, ya ɗaura shi a wuyan birin da waya. Ya ce in ya koma da wannan ƙarar 'yan'uwansa za su tsere, shi kuma ya yi ta bin su, mun samu mai gadi ke nan. Haladu ya sha gabansa. "Tanko, ka ji tsoron Allah, uwarsa fa tana kallonmu." Tana kuwa kallo daga kan dutse. Amma yara suka ɗauki ihu, aka ture Haladu gefe, aka saki birin.

Dabarar ta ci. Ya ruga wajen uwarsa, ta ji ƙarar ta zabura, garken ya watse. Kullum muna jiyo gwangwanin nan yana zaga dutse, yana bi suna gudu, ƙarar tana raguwa, har wata safiya muka ji tsit. Masara ta tsira, dattawa suka sa wa Tanko albarka. Daga nan maganar Haladu ta daina shiga kunne. Ɗumame ya koma na mai ƙarfi, mu ƙanana aka tura mu bakin dutse inda macizai suke. Haladu ya ɗan jure, sannan ya daina zuwa.

Yau an sare dajin, jikokina a waya kaɗai suka san biri. Haladu ya daɗe da rasuwa, bai taɓa shugabantar ko ƙungiyar unguwa ba. Ni da Tanko mun tsufa a inuwa ɗaya, muna zagin shugabannin zamani marasa tausayi, shi ya ma fi ni ɗaga murya. In na ambaci Haladu sai ya ce, "Allah ya jiƙansa." Har yanzu irinsa muke nema, mu da muka ture shi.