Bututun da Ya Ratsa Maƙabarta

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, soja na mulki, ina aiki a ma'aikatar ayyuka ta Sakkwato, ni ne shugaban leburori masu gyaran magudanai. Aikinmu haƙa ne. Inda duk bututu ya fashe, mu zo da diga da shebur mu tone shi.

Wata damina aka kawo ƙara cewa bututun ƙazamin ruwa na gidajen ma'aikata ya tsage a wajen Runjin Sambo. Sa'ad da aka binne shi wurin fili ne, daga baya maƙabartar unguwa ta faɗaɗa ta hau kansa. Yanzu ruwan yana tsattsafowa cikin kaburbura. Umarni ya zo daga sama: a tone cikin mako biyu. A wancan zamani ba a mayar da magana.

Na je awo. Tsohon da ke gadin maƙabartar ya tsaya yana kallona ina jan igiya, har ta bi ta kan kabarin mahaifina, wanda muka rufe shekara biyu kafin nan. Na tsaya riƙe da igiyar, na kasa gaba.

"Mi kunka zo yi, ɗana?" in ji tsohon.

"Baba, an ce mu tona."

"Kai da hannunka?"

Na naɗe igiyar na koma ofis. A can ban gaya wa kowa ba, sai injiniyanmu, wani mutumin gari da bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba, ya ga na ƙi taɓa abinci ya matsa mini. Da na faɗa masa, ya daɗe yana kallon taswira. Ya ce ya taɓa ganin wata dabara a can: a ɗinka doguwar riga ta zane mai kauri, a jiƙa ta da wani irin ƙaro, a tura ta cikin tsohon bututun, a dafa ta da ruwan zafi har ta sandare ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Ba a taɓa ƙasa. Shi ya je gaban hafsan sojan da ya ba da umarnin. Ban san abin da suka ce wa juna ba, amma an ƙara mana lokaci, kuma wasu 'yan kwangila baƙi suka kawo kayan.

Rigar ta iso cikin babbar mota, an lulluɓe ta da ƙanƙara don kada zafin garinmu ya daskarar da ƙaron tun a hanya. Da hantsi muka kafa ƙarafa a bakin ɗaya daga cikin ramukan duba bututun guda biyu da ke wajen katangar maƙabartar, muka ɗaure bakin rigar, aka sako ruwa daga sama. Tana shiga tana juyewa, cikinta na komawa waje, har ta ɓulla a ɗaya ramin.

Da aka kunna tukunyar dafa ruwa ne mutanen unguwa suka taso. Tsohon yana gaba.

"Wuta za ku hurawa ƙarƙashin mamata?"

Wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Injiniya ya cire takalmansa, ya kama hannun tsohon, suka shiga maƙabartar. Ya nuna masa zurfin bututun da tsawon gora, ya roƙe shi ya ɗora tafinsa a ƙasa, in ya ji ɗumi ko kaɗan a kashe wutar.

Tsohon ya zauna a gefen kabarin mahaifina, tafinsa a ƙasa, tun kafin azahar har bayan la'asar, salla kawai ke tashinsa. Ni ina wajen katanga ina duban ma'aunin zafi, bakina na addu'a. Ƙasa ba ta yi ɗumi ba.

Kashegari muka yanke bakunan rigar, ta yi tauri kamar dutse, ruwa ya wuce ba ɗigo. Kaburbura biyu sun riga sun lotsa tun kafin mu zo. Muka ɗebo busasshiyar ƙasa muka cike su, liman ya yi addu'a.

Sai a ranar na gaya wa mahaifiyata abin da aka so a yi. Ta ce, "Kai kaɗai ka ɗauki wanga abu wata biyu?" Ta tashi ta ɗauro alwala.