Gwaggo Hansai da Kwaɗin Rani

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gaban Gwaggo Hansai ya san abin da zai fara ji tun kafin ta amsa gaisuwa. Sai ta kama damtsenka ta matsa kamar mai tayin akuya, ta girgiza kai ta ce, "Ka rame!" Ko kai ne ƙaton da ba ya shiga ƙofar zaure sai a karkace, ka rame. Ni Habu, ɗan ƙaninta, shekara talatin na yi ina ramewa a hannunta, har na ajiye tumbi ban daina ba. Ranar da na kai mata amaryata gaisuwa, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Oh ni Hansai! Wannan ma ta rame, tun ba ka fara ba ta wahala ba!"

Manyan cikinku sun san yadda aka yi ta tafi Jidda, amma bari in faɗa saboda yara. Ɗanta na fari, Yaya Sule, tela ne a Jidda. Ita dai ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "telan nan". A farkon shekarun saba'in ya biya mata kujerar Hajji. Ni na kai ta filin jirgi a Kano, da ƙullin daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, ga muciya ta leƙo daga cikin ƙunshin zannuwa. Na ce, "Haba Gwaggo, can ma fa akwai abinci."

Ta ce, "Na san akwai abinci. Tuwo nake tambaya, akwai?"

Sai na ɗauki kayan.

Bayan an sauko daga Arfa jiri ya kwashe ta, aka auna aka ce hawan jini ne. Yaya Sule ya ce ba inda za ta, ta zauna a wajensa kusa da asibiti. Shi ya ba mu labarin ranar da ya kai ta wajen likita, wani Balarabe siriri. Mutumin nan yana ta bayani, Gwaggo tana ta ƙare masa kallo. Da ya gama ta ce, "Gaya masa ya rame. Ya fara shan maganin shi da kansa, in na ga ya murmure sai in bi baya."

Da ƙyar ta karɓi ƙwayoyin. Aka ce kullum ɗaya. Ta ce, "Kullum? Abu mai tsada haka? Ko zanen da na fi so ba na ɗaura shi kullum." Ta mai da shan magani na ranar Juma'a, bayan ta yi wanka ta sa turare. Sauran kuwa sai ta ƙulla su cikin tsarabar dabino da zamzam, ta aiko gida a raba wa tsofaffi. Ni ne nan nake tsame su ina zubawa a masai, Allah Ya yafe mini, da ba haka ba da mun yi jana'izar rabin unguwa saboda kirkin Gwaggo.

To, sai maganar kaset. Ni malamin firamare ne a Kiru lokacin, ina da rediyo mai kaset, don haka ni ne gidan wayar dangi. Duk shekara alhazai za su tafi da muryarmu, su dawo da tata. Ranar da kaset ya iso kowa sai ya bar abin da yake yi. Gwaggo ba ta yarda cewa ba ma jin ta nan take ba. Za ta ce, "Habu, ina kwana?" sai ta yi shiru tana jira. Can sai ka ji, "Au, ba ka amsawa? An zama malamin boko!" Dole muka koyi amsawa a gurbin da ta bari, manya da yara, muna "Lafiya lau, Gwaggo" a gaban akwatin ƙarfe.

Daga gaisuwa sai umarni. A yaɓe mata ɗakinta kafin damina. Kar a bar awaki su cinye zogalen bayan ɗaki. Kar kowa ya taɓa randarta. Kuma kowane kaset da abu ɗaya yake ƙarewa: "Ina nan tafe. Ni ba zan mutu a bene ba, a ɗakina zan mutu."

Nan fa dariyarmu take ƙarewa, domin a shekarun nan ne aka tare ruwa a Tiga. An tashe mu, an ba mu sabon matsuguni, tsohon garinmu ya nutse ɗungurungum, da ɗakin Gwaggo, da zogalen, da maƙabartar da mijinta Malam yake kwance. Yaya Sule ya rubuto mini wasiƙa: likita ya ce duk wani mummunan labari zai iya kayar da ita, kar wanda ya kuskura. Can Jidda ma tsare baƙi yake a ƙofa yana ja musu kunne kafin su shiga gaishe ta. Ni kuwa aka ɗora mini aikin ƙarya, shekara uku cur. "An yaɓe ɗaki, Gwaggo. Zogale har ya fi katanga." Ina faɗa ina jin kunyar kaina.

Wata shekara na yi ganganci. Na ɗauki muryoyinmu dab da magariba a ƙofar sabon gida, kusa da hanyar ruwan da ake ban ruwan lambu. Da alhazai suka dawo da kaset ɗinta, ko gaisuwa Gwaggo ba ta gama ba ta ce, "Habu, tsaya. Na saurari kaset ɗinka sau bakwai. Kwaɗi nake ji a bayanka. Damina ta wuce da wata uku, kwaɗi a garinmu? Garin da sai an haɗa igiya biyu guga yake taɓa ruwa? Kwaɗin uban wa?"

Isiyaku, ɗan wan babanmu, wanda ruwan ya mayar da shi masunci bayan an haife shi da fartanya a hannu, ya ce, "Shi ke nan, tsohuwa ta kama mu." Shekarar da ta biyo baya a cikin ɗaki na yi ɗaukar, na toshe taga da bargo, ina ta zufa. Ta aiko da amsa: "Bana kuma ko zakara ba ya cara a garin? Kun cinye su?"

Ba ta ƙara jiran kowa ba. Ta tasa telan nan a gaba, ta daina cin abinci, sai da ya sa ta a jirgin alhazai. Ni na je tarbarta. Tun daga Kano nake shirya yadda zan faɗa mata, muka wuce mararrabar Bebeji ban iya buɗe baki ba. Da motar ta karkata ta ce, "Direba, ba nan ce hanyar ba." Muka hau ɗan tudu, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido.

Na riƙe ƙwayar maganinta a hannu. Wallahi na zaci a nan za mu rasa ta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wa yake da kwalekwale?"

Muka yi magiya, ina! Isiyaku ya tuƙa, ni ina riƙe da ita. Da duwatsun da suka rage a sama take gane wuri. "Yi dama. Kai, dama na ce, da hannun da kake cin tuwo! Tsaya nan." Ta leƙa ruwan ta ce, "Isiyaku, a nan kake jefa taru? A tsakar ɗakina? Ko sallama babu?" Muka yi dariyar dole. Ta sa aka ƙara gaba kaɗan, wajen gabas, inda maƙabarta take. A nan muryarta ta sauka.

"Da za ku tashi, wa ya je ya yi wa Malam sallama a madadina?"

Ba wanda ya je. Muna ta kanmu, muna ciro ƙyaure da azara.

Ta ce, "Habu, ba ruwan nan ne ya ɓata mini rai ba. Ruwa na Allah ne. Kun ji tsoron kar in faɗi, sai kuka bar ni shekara uku ina aike gidan da babu. Da kun faɗa mini, da na yi kukana a gaban Ɗakin Allah, inda kuka yake da amfani." Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba, kuma har yau ban sauke shi ba.

Ta ɗaga hannu ta yi wa Malam addu'a mai tsawo, kwalekwale yana lilo da mu. Da ta shafa ta ce, "Ni mace ce, tun da aka kai shi ban taɓa zuwa kabarinsa ba. Yau ga shi na zo har kansa. Mu tafi."

Jidda kuwa ba ta koma ba. Muka gina mata ɗaki a sabon gari, ta ce ƙofar ta dubi ruwa. Shekara biyu ta yi a cikinsa. Kifin Tiga bai taɓa shiga bakinta ba, ko Isiyaku ya kawo ragon ruwa sai ta kau da kai: "Maƙwabtan Malam ne, ba na cin maƙwabci." Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kira ni ta ce, "In na tafi ku kai ni can kan tudu. In gwamnati ta sake jin ƙishirwa, kar ta same ni a hanya."

Can muka kai ta, inda ya fi ko'ina tudu.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Hansai, Ya yafe mata, Ya yafe mana abin da muka ɓoye mata don ƙauna. Shi da Ya san inda kowa yake kwance, na tudu da na ƙarƙashin ruwa, Ya haɗa ta da Malam a gidan da ba a tashin kowa. Amin.