Biskit mai gishiri na Inna

Kakana ne ya fara shigo da busasshen biskit gidanmu a Sule Tankarkar. Ya yi soja zamanin Turawa. Ya ce don matafiyan jirgin ruwa aka ƙirƙiro shi, gari da ruwa da gishiri kawai, a gasa shi ƙarau yadda zai shekara bai lalace ba. Nasu na soja, in ji shi, sai an sa gindin bindiga yake fashewa. Ba mu yarda ba, amma mukan yi dariya.

Kowa da yadda yake cin sa a gidan. Baba da kifin gwangwani, ranar Alhamis in ya dawo daga kasuwar Maigatari. Ƙanwata ta marmasa a kunu. Inna kuwa ta tsoma a shayi, ta ɗaga da sauri kafin ya narke.

Da ciwo ya kwantar da Inna, cikinta ya ƙi komai. Ina aiki a Kano ƙanwata ta kira ni, ta ce, "Yaya, biskit kaɗai take iya haɗiyewa." Ni da iyayi, ɗan birni, sai na ga raini ne in kai wa mahaifiyata na kan tebur. Na shiga babban kanti na kwaso masu tsada, masu zaƙi da maiƙo. Duk zuwa haka nake yi. Sai ta karɓa ba ta dube ni ba, ta buɗe, ta ci ɗaya, ta ce, "Allah ya yi albarka." Ni ne ɗan fari. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta buɗe baki ta ce ga abin da take so. Na san haka sarai. Ina kallo tana ramewa, amma ban taɓa tambaya ba.

Bayan sadakar uku ƙanwata ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado. Biskit ɗina ne a ciki, duka, kowace leda ɗaya kacal aka cire.

Na ce, "Me ya sa?"

Ta ce, "Mai gishirin nan take iya ci, Yaya. Naka don ka ji daɗi take ci a gabanka. In ka tafi wuni take tana amai. Ita ta hana ni gaya maka."

Har yau zuciyata ba ta yafe mini ba. Na gishirin yana nan a tashar da nake sauka duk zuwa, a lokacin nakan wuce teburin da ledar masu tsadan a hannu.