Muryar Mato a Cikin Buhun Gero

Duk wanda ya saba cin kasuwar Belbeji ya san rumfar Sahabi. Ba ya sayar da abin da ido ke gani. Tabarma ce, da akwatin katako, da tsohuwar kwamfuta wadda ya dawo da ita daga ci-rani a Libiya. Makiyaya da manoma su miƙa masa katin salularsu, shi kuma ya cika masu da wa'azi da waƙoƙi.

Sahabi mutum ne mai son ajiya. In ya ji ana kiɗa a ƙauye, sai ya je ya ɗauka. Haka ya ɗauki muryar Mato, makaɗin gangar noma na Tarka, ranar wata gayya, damina ta ƙarshe kafin Allah ya yi masa rasuwa. Matar marigayin, Inna Fatu, takan zo duk lokacin da katinta ya lalace a sake sa mata. Ban da katin nata da kwamfutar nan, babu inda muryar ta saura.

Wata bazara zafi ya matsa, kwamfutar ta riƙa huci kamar jaki a hawa. Sahabi ya duba gidansa, ya ga babu wuri mai sanyi sai gindin randa, inda iyalinsa ke ajiye fura. Kullum ya dawo kasuwa sai ya kwantar da ita can bisa jiƙaƙƙen rairayi, yana jin ya yi mata gata.

Ranar da Inna Fatu ta zo da sabon kati, ya danna maɓalli. 'Yar fitila ta kama, fanka ta yi nishi, allon ya tsaya baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, haka. Ya canja caja. Ya cire batir ya mayar. Shiru.

Ɗan Azumi mai shayi, maƙwabcin rumfarsa, ya leƙo.

"Malam Sahabi, amaryar taka yau ta yi yaji ne?"

"Bar ni da abin da ya dame ni, Ɗan Azumi."

"Ai na faɗa maka, kwamfuta ba fura ba ce."

Inna Fatu ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama ta ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Malam maigidana yana ciki har yanzu?"

"Ina sa rai, Inna. Ba ni zuwa kasuwa mai zuwa."

A gida ya kwance bayan kwamfutar a hankali, ya jera kusoshin cikin murfin kwano. Ciki duk danshi, wasu wurare sun yi tsatsa kore-kore. Ya goge da tsinke da auduga, ya zare ɗan siririn allon da ke maƙale a tsakiya, ya share haƙoransa, ya mayar. Sannan ya naɗe ta da ƙyalle ya binne cikin buhun gero, don ya ga gero na tsotse ruwan salular da ta faɗa rijiya. Iyalinsa ta ce to yanzu kuma tuwon me za a ci, ya ce a ɗiba daga gefe.

Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi ya gwada, ya daure. Sai ranar kasuwa, gaban Inna Fatu, ya yi bisimilla ya danna. Fanka ta juya. Allon ya yi jim, sannan ya kawo haske, amma rabinsa ya mutu, ya bar zane-zane. Sahabi ya lallaɓa ta ɓangaren da ke gani har ya kai ga wurin da ya ajiye kiɗan. Ganga ta tashi, muryar Mato ta biyo baya tana zuga manoma.

Inna Fatu ta sunkuyar da kai. Ɗan Azumi ya ajiye butarsa.

Sahabi ya san kwamfutar ba za ta daɗe ba. Ya nemi izinin tsohuwar ya raba wa mutane kiɗan, ta ce ai Malam bai taɓa yi wa mutum ɗaya kiɗa ba. Tun ranar, duk katin da aka miƙo masa, in ya gama cikawa, sai ya ƙara gangar Mato a ƙarshe. Yanzu ko a rijiyoyin Tenhiya kana iya jin ta daga aljihun makiyayin da bai taɓa riƙe hauya ba.