Injin da ya mutu a hanyar Gashua

Jama'a, innalillahi! Ɗan rami kamar ƙwayar gero ya raba ni da Baba yau.

Maciji ya sare shi a gonar shinkafa. Ni da yayana Modu muka sa shi a kwale-kwale, sai asibitin Gashua. Muna tsakiyar ruwa inji ya mutu, ga mai cike!

Can wani masunci ya matso, ya duba murfin tanki. Ya ce, "Wa ya toshe ramin iska da sabulu? Ai mai ba zai sauko ba!"

Yana ƙwaƙulewa inji ya tashi. Baba kuwa ya riga ya cika.

Modu ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare."

Na kasa gaya masa ni na liƙa jiya, don kada ruwan sama ya shiga.