Tankin Dizal a Ƙarƙashin Bene

A shekarata ta uku a Dubai ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gyaran gine-gine a unguwar Port Saeed. Walda na koya a Kaduna, don haka duk abin da ya shafi ƙarfe ni ake turawa. Wata Litinin aka tura mu unguwar Al Ras, ni da abokin aikina, wani dattijo ɗan Pakistan, mu fitar da tsohon tankin dizal daga ɗakin ƙarƙashin wani bene.

Wanda ya kama hayar ɗakin wani Alhaji ne ɗan Kano, mai sayen abaya da leshi yana aikawa gida. Sito yake so ya mayar da wurin. Da na gaishe shi da Hausa sai ya saki fuska, ya ce to, aiki ya zo da sauƙi tunda na gida aka turo.

Tankin na janareto ne, an daɗe da cire janareton aka bar shi. Da alama sai da aka girke shi sannan aka tayar da bango, don ƙofar ba ta kai rabin faɗinsa ba. Dole a yanka. Na ƙwanƙwasa gefensa, na ji akwai saura a ciki. Muka zura tiyo muka zuƙe cikin durum, daga baya sai wani baƙin dagwalo mai kauri kamar kwalta.

Alhaji yana tsaye a kan matakala ya toshe hanci da hankici.

"Malam, ai ya ƙare. Sa masa wuta ka yanka, khalas, shi ke nan. Kayana jibi za su iso."

Na ce, "Ranka ya daɗe, man ne ya ƙare, tiririnsa yana nan. Kuma hawa huɗu ne a kanmu, duk akwai mutane a ciki."

"Haba, a gida ba haka kuke yi ba?"

Na ce ana yi, na kuma san wanda ya yi, yanzu da ido ɗaya yake gani. Ya fita ya kira ogana a waya. Oga ya maimaita masa abin da na faɗa. Daga nan ko na gaishe da Alhaji, da ka yake amsawa.

Muka wanke cikin tankin sau biyu, muka cika shi da ruwa, muna ragewa muna yanka daga sama da zarton inji wanda ba ya tartsatsi. Babu taga, sai fanka ɗaya mai kaɗa iska mai zafi. Abokin aikina ba mai magana ba ne. In ya gaji sai ya ce "shwaiya", wato a ɗan dakata, mu hau sama mu sha ruwa. Kwana huɗu muka yi muna hawa da gutsuren ƙarfe a kafaɗa, masu sayen tsohon ƙarfe suna kwashewa.

Da muka ɗaga gindin tankin sai ga huda, tsatsa ta ci, babban yatsa zai shiga. Simintin wurin ya yi baƙi ƙirin. Shekaru man yana ɗiga ba wanda ya sani.

Alhaji ya sauko ya tsuguna, ya shafa da yatsa ya sansana. Ya kawo leshi yadi ɗaya ya rataye a ɗakin ya kulle. Washegari ya shinshina shi, ya miƙo mini. Dizal zalla.

A ƙarshe tayoyi da bokitan roba aka zuba a wurin, abayoyin suka zauna a masaukinsa. Ranar da muke tattara kayan aiki ya aiko mana da shayi kofi biyu.

Bayan wata biyu na haɗu da shi a kwalekwalen tsallakawa Bur Dubai. Ya matsa ya ba ni wuri, ya tambaye ni ko ina gyaran ƙofar ƙarfe. Na ce ina yi, amma sai ranar Lahadi bayan na fito daga coci.