Tasi'u Mai Gudun Ƙarfe

Tasi'u, mutumin Badafi, yana da shekara goma sha tara aradu ta faɗa wa yayansa Idi a gona, garma na kafaɗarsa. Taku goma ne tsakaninsu. Tun ranar bai ƙara riƙe ƙarfe da son ransa ba. Ya bar noma, ya yaye kwanon ɗakinsa ya sa jinka.

Sai ya koma haɗa kayan kiɗa. Da garwashi yake huda sarewar kara, da kaifin dutse yake fafe duma. Tsirkiyar gurminsa jijiya ce, ƙaya ce ke riƙe fatar a madadin ƙusa. Da rani yana da fara'a, amma da damina matarsa Saude ta ce ko barcin kirki ba ya yi.

Wata damina, bayan ya manyanta, Zulaihat, wata mai shirya fim daga Kano, ta yi masa sallama.

"Baba, labarin wasu mutane muka ƙirƙiro, waɗanda ba su san ƙira ba. An ce kai ne za ka iya yi mana kayan kiɗansu, ka kuma busa mana."

Ya yarda, amma ya ce ba zai shiga mota ba. Aka shirya ɗaukar fim ɗin a filin bayan gari.

Yana cikin busa bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Mai ɗaukar sauti na tsaye a kansa da doguwar sandar ƙarfe. Tasi'u ya ji gashin hannunsa ya mimmiƙe.

"Ɗana, ajiye sandar nan."

"Saura kaɗan, Baba."

Tasi'u ya so ya gudu, ƙafafunsa suka ƙi. Ya durƙushe yana salati, sarewar ta faɗi. Da Zulaihat ta ga yadda jikinsa ke ɓari, ta ce kowa ya yar da abin hannunsa ya shiga gari. Mutum biyu suka ciccibe shi. Suna kaiwa zauren gidansa tsawa ta tsaga wata ɗorawa a gefen filin. 

Kwana huɗu ya yi kwance da zazzaɓi.

Sai bayan kaka Zulaihat ta dawo, aka ƙarasa aikin a zaurensa. Saude ce ta kalli fim ɗin a wayar maƙwabciyarta. Ta dawo ta ce masa an bar busar da ya yi a fili, kuma ana jin numfashinsa na sarƙewa.